Yadda ake rainon karnukan da ke zame wa kurame kunne

A Burtaniya akwai karnuka kimanin 1,000 da ake gani a motocin bas da kantuna da asibitoci sanye da wata 'yar riga ja mai duhu, kamar launin ruwan zoɓo. Baƙo zai iya ɗauka karnukan ja-gorar makafi ne. To amma mutanen da ke riƙe da igiyarsu suna gani sarai. Kurame ne, kuma aikin karen shi ne ya ji musu abin da kunnuwansu ba sa ji.

Ƙungiyar agajin da ke horar da su, Hearing Dogs for Deaf People, tana da cibiyoyi biyu, ɗaya a Saunderton da ke gundumar Buckinghamshire, arewa maso yammacin Landan, ɗaya kuma a Bielby da ke yankin Yorkshire. Sai dai mafi tsawon tarbiyyar waɗannan karnuka a gidajen mutanen gari ake yin ta. Masu aikin sa kai ne ke karɓar ɗan kwikwiyo yana da makonni 8 da haihuwa, su riƙe shi fiye da shekara guda ba tare da an biya su ko sisi ba, sa'an nan su mayar da shi.

Masu horar da karnuka da masanan halayyar dabbobi sun daɗe da yarda cewa a wannan zaman riƙo ne ake samun karen aiki ko a rasa shi. Koya masa ƙarar ƙararrawa abu ne mai sauƙi idan aka kwatanta da gina masa zuciyar da ba ta razana.

Aikin da babu mai ba da umarni

Mafarauci yana yi wa karensa fito, makiyayi yana kiran nasa da suna, makaho kuma yana gaya wa ja-goransa ya yi dama ko hagu. A duk waɗannan, mutum ne ke fara magana, kare ya bi.

Karen kurma ba ya samun wannan gata. Idan aka danna ƙararrawar ƙofa, ubangidansa bai san an danna ba, saboda haka ba shi da wani umarni da zai bayar. Karen ne zai ji, ya gane cewa wannan ƙara ta shafi mutumin, ya bar barcinsa ko wasansa, ya neme shi a duk ɗakin da yake, ya zungure shi da hanci. Sai mutumin ya buɗe hannuwansa, alamar yana tambayar mene ne, shi kuma karen ya juya ya kai shi inda ƙarar ta fito.

Haka yake yi da agogon tashi daga barci, da tarho, da ƙaramin agogon da ake saitawa a kicin don sanin lokacin sauke tukunya, da kukan jariri a gidan da ake goyo.

Akwai ƙara guda da ake koya masa ya yi mata wani abu dabam, wato kuwwar na'urar gargaɗin gobara. Idan ya ji ta, zai zunguri mutumin kamar kullum, amma da an tambaye shi sai ya kwanta a ƙasa. Dalili a fili yake: ba a so ya ja kurma zuwa inda wuta take. Kwanciyar nan ita ce kalmar haɗari a tsakaninsu.

Da dare ne wannan ya fi muhimmanci. Masu amfani da na'urar taimaka wa ji sukan cire ta idan za su kwanta, haka ma waɗanda aka yi wa dashen na'ura a cikin kunne sukan cire ɓangarenta na waje. Mutumin da ke ɗan ji da rana yakan koma kurma futuk da dare, kuma da yawa daga cikin masu neman waɗannan karnuka suna kukan rashin samun barci saboda fargabar abin da ka iya faruwa ba su sani ba.

Daga Amurka zuwa Ingila

A Amurka aka fara wannan aiki a tsare, cikin shekarun 1970. An kafa ƙungiyar da yanzu ake kira NEADS a jihar Massachusetts a 1976. A 1977 wani mai horar da dabbobi don fina-finai, Roy Kabat, ya kafa Dogs for the Deaf a jihar Oregon, wadda daga baya ta sauya suna zuwa Dogs for Better Lives.

A Burtaniya kuwa, wani likitan dabbobi haifaffen Kanada mai suna Bruce Fogle, tare da Lady Beatrice Wright ta ƙungiyar kurame ta RNID, su ne suka ƙaddamar da shirin a 1982, a wurin baje kolin karnuka na Crufts, wanda a lokacin ake yi a Landan. Karen farko da suka nuna wa jama'a, mai suna Favour, daga gidan ajiye karnuka marasa masu aka ɗauko shi. Gimbiya Anne, 'yar marigayiya Sarauniya Elizabeth, ta zama uwar ƙungiyar a 1992.

Shekaru da dama ƙungiyar ta dogara ne da irin su Favour, wato karnukan tsintuwa. To sai dai karen da aka tsinta yana da wata shida ko shekara guda, babu wanda ya san abin da ya gani a ƙuruciyarsa, kuma sau da yawa sai an yi nisa da horo tsoron da ya ɓoye yake bayyana. Sannu a hankali ƙungiyar ta koma haifar da nata 'yan kwikwiyon. A yau iri huɗu ta fi amfani da su: Labrador, da Cocker Spaniel, da ƙaramin Poodle, da kuma Cockapoo, wanda ruwa biyu ne tsakanin na biyun da na ukun.

Ba a banza aka zaɓe su ba. Asalin waɗannan irin duk karnukan farautar tsuntsaye ne, waɗanda aka daɗe ana zaɓen masu aiki kusa da mutum, masu ɗauko abu su kawo, waɗanda ƙarar bindiga ba ta sa su arcewa. Poodle kuma ba ya yawan zubar da gashi, abin da ke sauƙaƙa wa wasu masu larurar atishawa da ƙaiƙayi.

Makonnin da ba sa dawowa

Abin ban sha'awa shi ne shi kansa karen da zai zame wa kurma kunne, kurma ake haihuwarsa, kuma makaho. Sai bayan kimanin makonni 2 idanunsa ke buɗewa, ramukan kunnuwansa su biyo baya. Idan ya girma kuwa, jinsa ya zarce na ɗan Adam nesa: mutum mai lafiyar kunne yana jin siririn sauti har zuwa hertz 20,000 a ma'aunin masana, kare kuwa yana kaiwa 45,000 ko fiye.

Daga mako na 3 zuwa kusan na 12, ɗan kwikwiyo yana cikin wani hali da ba zai sake shiga ba har ya mutu. Son sanin abubuwa ya rinjayi tsoronsa. Duk abin da ya gamu da shi cikin kwanciyar hankali a wannan tsakani, ƙwaƙwalwarsa tana ajiye shi a matsayin abin da aka saba da shi. Bayan nan sai lamarin ya juya, baƙon abu ya zama abin zargi.

Masana biyu, John Paul Scott da John Fuller, ne suka fi kowa bin diddigin wannan, a cibiyar bincike ta Jackson da ke Bar Harbor a jihar Maine ta Amurka, kuma suka wallafa sakamakon aikinsu a 1965. Kafin nan, a 1961, wasu masu bincike uku, Freedman da King da Elliot, sun ba da rahoton wani gwaji da har yau ake kafa hujja da shi. Sun bar 'yan kwikwiyo tare da iyayensu mata a wani fili mai shinge inda ba sa hulɗa da mutane, suna ɗauko wasu a shekaru dabam-dabam ana yi musu wasa na mako guda. Waɗanda aka ɗauko suna da makonni 5 zuwa 7 sun saki jiki da mutum. Waɗanda aka bari har makonni 14 ba su yarda da mutum ba, sun zama tamkar namun daji, kuma rarrashi bai yi musu wani tasiri sosai ba.

Duk wanda ya lura da karen unguwa da ya tashi yara na jifansa ya san ƙarshen wannan labari. Ko an miƙa masa nama sai ya ja da baya.

Saboda haka ne ƙungiyar Burtaniyar ba ta barin karyar da za ta haihu a keji. Ita ma a gidan wani mai aikin sa kai take zaune, a nan take haihuwa, ta yadda ƙarar farko da 'ya'yanta za su ji ita ce ta injin wanki da talabijin da buɗe ƙofa da muryoyin mutane.

Hatta irin renon da uwar ke yi yana da tasiri, kuma ta hanyar da ba a zata ba. A wani bincike da Emily Bray da abokan aikinta suka wallafa a 2017, an bi rayuwar 'yan kwikwiyo 98 na makarantar karnukan makafi ta Seeing Eye da ke jihar New Jersey. An gano cewa 'ya'yan karyar da ke yawan kwanciya tare da su tana lasarsu ba dare ba rana sun fi faɗuwa a horo, idan aka kwatanta da waɗanda uwarsu ke barinsu su ɗan wahala kafin su kai ga nono. Shagwaɓa, ga alama, ba ɗan mutum kaɗai take ɓatawa ba.

Zaman riƙo

A mako na 8, lokacin da dokar Ingila ta yarda a raba ɗan kwikwiyo da uwarsa don a ba wani, sai a kai shi gidan mariƙinsa. Ƙungiyar ce ke biyan kuɗin abinci da na likita. Abin da take nema daga mai riƙo shi ne lokaci: gida mai ɗan fili da shinge, da mutumin da ba zai riƙa barin karen shi kaɗai na sa'o'i da yawa ba. Shi ya sa waɗanda suka yi ritaya da masu aiki daga gida suke da yawa a cikinsu. Wani ma'aikacin ƙungiyar yana bibiyarsu, ana kuma haɗuwa a aji lokaci-lokaci, inda kwikwiyon ke hawa mataki-mataki, ana ba shi tauraro a duk matakin da ya haye.

Tun ranar farko akwai wata matsala. Makonnin sabon nan suna ƙarewa, amma allurar rigakafin kwikwiyon ba ta kammala ba, kuma idan ya taka inda wasu karnuka suka yi bayan gida yana iya kamuwa da cutar parvo, wadda ke kashe ƙananan karnuka da gudawa da amai. A da likitocin dabbobi kan ce a kulle shi a gida sai rigakafi ya kama. A 2008 ƙungiyar likitocin halayyar dabbobi ta Amurka ta fito da matsayin cewa kullen ma haɗari ne, domin matsalar ɗabi'a na daga cikin manyan dalilan da ke sa a rabu da kare ko a kashe shi yana ƙarami. Mafitar da masu riƙo suka samu ita ce ɗaukar kwikwiyon a hannu ko a jaka. Yana ganin duniya, ƙafarsa ba ta taɓa ƙasa ba.

Abubuwan da ake so ya gani ba su ƙidayuwa, kuma wasunsu za su ba mutum dariya. Mai gemu, da mai tabarau, da mai hular kwano, da mace mai lulluɓi, da tsoho mai sanda, da keken guragu, da lema idan an buɗe ta farat ɗaya. Kare ba ya haɗa abubuwa wuri guda yadda mutum ke yi. Wanda ya saba da manya kaɗai yana iya ɗaukar yaro mai rarrafe a matsayin wata halitta dabam. Ana so ya taka ƙasa mai santsi irin ta asibiti, ya hau bene mai matakala ta ƙarfe, ya shiga lif, ya kwanta a ƙarƙashin kujerar jirgin ƙasa, ya wuce gaban kantin nama bai tsaya ba.

A nan ne mutane da yawa suke kuskure, har da masu kyakkyawar niyya. Yawan nuna wa kwikwiyo abubuwa ba shi ne sabo ba. Idan aka kutsa da shi tsakiyar kasuwa yana makyarkyata, abin da ya koya shi ne kasuwa wurin tsoro ce. Ana koya wa mai riƙo ya karanta jikin karen: wutsiyar da aka maƙale tsakanin ƙafafu, kunnuwan da suka kwanta baya, yawan lasar leɓe, hamma ba tare da barci ba. Da ya ga haka sai ya ja baya, ya tsaya daga nesa inda kwikwiyon zai iya kallo cikin natsuwa, ya ba shi ɗan abin taɓawa, gobe a matsa kusa kaɗan. Aiki ne na haƙuri wanda ba a ganin ci gabansa a rana ɗaya.

Ga karen kurma, ƙara ita ce babbar jarrabawa. Karen da ke gudu ya ɓuya idan aka yi tsawa ba zai je ya tashi mutum ba ranar da na'urar gobara ta yi kuwwa, alhali kuwwar tata ta fi kusan komai a gida zafi a kunne. A gefe guda kuma, wanda ke zabura yana haushi a kan kowace ƙara shi ma bai dace ba, domin zai wahalar da ubangidansa da gargaɗin banza, ya kuma haɗa shi faɗa da maƙwabta a kan haushin da shi bai ma ji ba. Ana neman na tsakiya ne: wanda ƙara ke sa shi ɗaga kunne ya nufi wurin ya duba.

Masu riƙo kan kunna masa sautin tsawa da jiniya da kukan jarirai a rikoda, ƙasa-ƙasa yayin da yake cin abinci, ana ƙara ƙarfin sautin sannu-sannu cikin makonni. A Burtaniya daren 5 ga watan Nuwamba, lokacin da ake wasan tartsatsin wuta don tunawa da yunƙurin tarwatsa majalisar dokoki a 1605, shi ne daren da masu karnuka suka fi fargaba, kuma akan fara shirya masa tun da sauran watanni.

Duk umarnin da ake koya wa kwikwiyon, kamar zauna da kwanta da jira da zo, ana haɗa shi da alamar hannu. Wasu daga cikin waɗanda za a bai wa karen ba sa magana da baki, ko kuma muryarsu ta sha bamban da wadda ya saba ji. Harshensu shi ne maganar hannu ta Burtaniya, wadda gwamnati ta amince da ita a matsayin harshe a 2003, aka kuma yi mata doka a 2022. Wannan yana nufin dole karen ya saba da yawan ɗaga kai yana duban mutum, domin umarnin hannu ba ya isa ga wanda ya ba da baya.

Ba a duka, ba a tsawa. Lada kawai ake amfani da ita, ko ɗan abinci, ko ƙwallo, ko yabo. Ban da tausayi, akwai hujjar aiki. Karen da aka horar da bulala yana koyon cewa zama shiru ya fi aminci, kuma karen da ke jiran izini kafin ya motsa ba shi da amfani ga wanda ba zai iya ba shi izinin ba.

Muhimmancin fita cikin jama'a ya fito fili a wani tsari na ƙungiyar NEADS a Amurka, inda fursunoni ke renon 'yan kwikwiyo a gidajen yari. Fursuna yana da lokacin da mai aiki ba shi da shi, amma gidan yari ba shi da yara, ba motoci, ba kantuna. Don haka a ƙarshen kowane mako wasu masu aikin sa kai ke zuwa su ɗauki karnukan su fita da su gari.

Shekarun taurin kai

Wajen wata na 6 zuwa na 9, mai riƙo yakan wayi gari ya ga kamar an musanya masa kare. Wanda jiya ake kira ya taho da gudu, yau sai ya waiwayo ya ci gaba da sunsune-sunsunensa. Balaga ce ta zo.

Wani bincike da Lucy Asher ta Jami'ar Newcastle ta jagoranta, wanda aka wallafa a 2020, ya gwada karnukan da ake shiryawa don ja-gorar makafi. An ga cewa suna da wata 8 sun fi ƙin bin umarnin zama fiye da lokacin da suke da wata 5, amma ga mai riƙonsu kaɗai. Idan baƙo ne ya ba da umarnin sai su bi. Iyayen samari ba za su yi mamakin wannan ba. Binciken ya kuma nuna cewa halin yana wucewa, kuma ya fi tsanani ga karnukan da dama can shaƙuwarsu da mai riƙon ba ta zauna daram ba.

Wasan da ya zama aiki

Koyon ƙararrakin kansa da wasa ake fara shi. A ɓoye ɗan agogo a bayan kujera, ya yi ƙara, kwikwiyon ya nemo shi ya tarar da lada a wurin. Bayan an maimaita sau da yawa, ƙarar ta zame masa albishir. A wani zaman dabam ana koya masa taɓa tafin hannu da hanci, daga nan a mayar da taɓawar zuwa ƙafa. Sai a ɗinke su: ƙara, neman mutum, zunguri, komawa wurin ƙarar, lada.

Daga nan sai a riƙa tsananta wasan. Mai horarwa ya juya baya, ko ya shiga wani ɗaki, ko ya yi kamar yana barci ya ƙi motsawa har sai karen ya nace. Wannan nacin ana nemansa ƙwarai, domin mai barci mai nauyi ba ya tashi da zunguri ɗaya. Ƙwararrun ma'aikatan ƙungiyar ne ke kammala wannan ɓangare, kuma horon gaba ɗaya yakan ɗauki shekara ɗaya da rabi zuwa biyu.

Ba kowane kwikwiyo ke kaiwa ƙarshe ba. Wani ya iya ƙararraki amma hayaniyar gari na damunsa, sai a ba da shi ga kurman da zai yi masa aiki a cikin gida kawai, ba tare da rigar shiga wuraren jama'a ba. Wani kuma a ba da shi a matsayin abokin zama. Wanda ya haye, ana duba wanda ya dace da shi: tsohuwa mai zaman ƙauye ba ta bukatar irin karen da matashi mai shiga jirgin ƙarƙashin ƙasa kullum yake bukata. Daga baya ƙungiyar ta fara bai wa yara kurame, inda iyaye ke ɗaukar nauyin kula da karen.

Ga mai riƙo, ranar rabuwa ba ta da daɗi. Ya yi tashin dare, ya goge fitsari, an tauna masa takalma, kuma daidai lokacin da karen ya natsu ya zama abin sha'awa ne za a zo a tafi da shi. Al'ummar da ta san riƙon ɗan 'yar'uwa har ya girma ya koma gidan ubansa ba ta bukatar dogon bayani a kan wannan. Da yawansu sukan karɓi wani sabon kwikwiyon ba da jimawa ba.

Me ya sa sai kare?

Tambaya ce mai ma'ana. Kowane kare yana cin dubban fam-famai masu yawa daga haihuwarsa zuwa ritayarsa, kuma da gudummawar jama'a ƙungiyar ke biya. Ga shi akwai na'urori masu arha: fitila mai walƙiya idan an danna ƙararrawa, da faifan da ake sa wa a ƙarƙashin matashin kai ya yi girgiza idan gobara ta tashi. Tun 2020 wayoyin iPhone suna iya gane wasu ƙararraki su sanar da mai su. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a rahotonta na 2021 mutane miliyan 430 ne ke da matsalar ji mai bukatar kulawa, kuma babu mai tunanin karnuka za su wadace su. Bugu da ƙari, kurame da dama, musamman waɗanda aka haifa da kurumta suka tashi cikin masu maganar hannu, ba sa ganin suna bukatar kare ko kaɗan.

Amsar da masu karnukan ke bayarwa ta wuce batun ƙararrawa. Kurumta larura ce da ba a gani. Wanda aka yi wa magana daga baya bai amsa ba, sai a ce girman kai ne. Rigar karen tana sanar da mutane kafin a kai ga haka, tana kuma sa su tsaya su fuskanci mutumin su yi magana a hankali. Wanda ya kurumce da girma yakan janye daga taro saboda kunyar yawan cewa a maimaita, amma kare dole a fita da shi kullum, ko ana so ko ba a so.

Masu bincike a Jami'ar York sun gwada wannan, suka wallafa sakamakon a 2021. Sun kwatanta waɗanda aka riga aka ba kare da waɗanda ke jiran nasu, suka ga na farkon sun fi samun natsuwar zuciya, damuwarsu da kaɗaicinsu sun ragu, kuma ba su cika dogara da wasu ba.

Doka da Musulmin Burtaniya

Dokar daidaito ta 2010 ta ba irin waɗannan karnuka damar shiga kantuna da gidajen abinci da motocin haya. Direban tasi da ya ƙi ɗaukar mai karen taimako ya aikata laifi, ana iya cinsa tarar da ta kai fam 1,000, sai fa idan yana da takardar keɓewa saboda rashin lafiya. Wannan dama ita ma a kan tarbiyyar ƙuruciya ta dogara, domin kare ɗaya da ya yi fitsari a kanti ko ya sa baki a farantin wani ya isa ya ɓata wa saura suna.

A garuruwan da Musulmi ke da yawa cikin direbobi da masu gidajen abinci, an sha samun saɓani a kan batun. Mazhabobi sun bambanta. Malikiyya, wadda aka fi bi a Afirka ta Yamma, tana ɗaukar kare mai rai a matsayin mai tsarki. Hanafiyya, wadda akasarin Musulmin Burtaniya 'yan asalin kudancin Asiya ke bi, tana ganin yawunsa najasa ne. Shafi'iyya da Hanbaliyya sun fi tsanantawa. Amma malamai sun haɗu a kan halaccin ajiye kare don farauta da kiwo da gadin gona, kuma da dama daga cikin na zamani sun yi ƙiyasin karen mai larura a kan waɗannan.

A 2008, bayan tattaunawa tsakanin ƙungiyar karnukan makafi da Majalisar Musulmin Burtaniya, wata majalisar shari'a ta ƙasar ta ba da fatawar da ta bai wa wani matashi makaho damar zuwa masallaci a birnin Leicester da karensa. An keɓe wa karen wuri kusa da ƙofar shiga, inda yake kwanciya ya jira har a idar da salla, ba ya shiga inda ake sahu.

Kare mai aikin ji yakan yi ritaya yana da kimanin shekara 11, lokacin da nasa kunnen ma ya fara nauyi. Sau da yawa yakan ci gaba da zama a gidan, yayin da ake kawo wani matashin ya karɓi aikin.